Finjalin Ranar Baikon Sanae

9 ga Maris, 1994

Tokiko,

Ina gaishe ki. Sanyi ya fara sakinmu a nan bakin teku, amma gwiwoyina ba su samu labari ba tukuna. Ina fata ke da Sanae kuna lafiya, kuma hayaƙin Nagoya bai ƙarasa miki ƙirji ba.

A watan nan ake cika shekara goma sha tara da kika zo da jaka ɗaya kika tafi da 'yata. Ko zaman makokin uwarta ba a gama ba. Kika ce wata uku za ta yi a wurinki, kafin in dawo hayyacina. Har yau ina jiran watan na uku. Ban yafe miki ba, kada ki ɗauki wannan a matsayin sulhu. Amsa ce kawai ga wasiƙarki, wadda ta ce Sanae za ta yi aure a kaka, kuma zan zauna a kujerar uban amarya in na cika sharaɗin barin giya. Sharaɗi! Ni da na koyar da tsohon adabi a babbar sakandare, yarinyar da na koya wa riƙe tsinken cin abinci ce ke gindaya mini sharaɗi, kuma ta bakin ƙanwata.

To, ki gaya mata na fara. Likita ya kwantar da ni har rawar hannu ta lafa, ya sallame ni. Daga nan na je ofishin lafiya, wata yarinya ta yi ta yi mini magana a hankali kamar da kurma. Ta ce akwai taron masu barin giya a garinmu duk Alhamis, a saman ofishin ƙungiyar masunta.

Na je. Na hau matakala mai ƙarnin kifi, na ja ƙofa. Kin san wa ke jagorantar taron? Gondo. Ɗan mai gyaran raga, wanda ya yi shekara uku yana barci a layin baya na ajina. Ya yi sanƙo, ya ajiye tumbi.

"A'a! Malam Nakahira! Kai ma?" Ya miƙe yana tafa hannu. "Jama'a, ga mutumin da ya kayar da ni a jarrabawa har sau biyu. Shigo, Malam, yau ajinmu ɗaya."

Na ce ɓatan ƙofa na yi, ofishin inshora nake nema.

"Ai duk haka muka ce ranar farko," in ji shi. Ɗakin ya ɗauki dariya.

A irin taron nan mutum miƙewa yake yi ya faɗi cikakken sunansa da unguwarsu, sannan ya zazzage abin da ya aikata. A garin da mai sayar da awara ta san ranar da nake wanke zanin gadona! Na sauko. Zan nemi wani wuri. Ki tambayi Sanae ko dole ne taron ya zama na garinmu.

Yayanki,
Morio

21 ga Maris

Yaya Morio,

Na samu wasiƙarka. Muna lafiya, sai bayana da ke ciwo saboda tsayuwa a masaƙa. Na ji daɗi da ka je asibiti da ƙafarka.

Maganar shekara goma sha tara ba zan amsa ba. Ka san abin da na tarar a gidan ranar, ni ma na sani.

Na karanta wa Sanae abin da ya dace ta ji. Ta ce ko a duniyar wata kake so ka je taron, ka je, ita dai ka riƙa zuwa. Ga maganarta kamar yadda ta faɗa, don kada ka ce ni na ƙara gishiri: "Gwaggo, ki ce masa ko ɗigo ɗaya. In na ji ko na gani, kujerar ta tashi." Da ta faɗa sai ta shiga banɗaki ta daɗe. Yaya, yarinyar nan tana so ka zo, tsoro ne ya yi mata yawa.

Saurayin sunansa Ryuji, makanikin injin masaƙarmu ne. Abin dariya, shi ma ɗan Kochi ne, a taron 'yan jiharmu suka haɗu. Ubansa, Tsuruoka, yana da jirgin kamun kifin katsuwo a garin Kure. Ka ga ke nan a gida za a yi komai.

Game da Gondo, in ka tambaye ni, ya fi ka hankali. Amma ba ka tambaye ni ba.

Ka riƙa cin abinci da safe.

Ƙanwarka,
Tokiko

27 ga Afrilu

Tokiko,

Gaisuwa. Furen ceri ya zo ya zube ban kula ba. Barci ba ya zuwa mini da kyau, kuma na zama mai kwaɗayin zaƙi kamar yaro. Ban da haka lafiya.

Wata guda na yi ina yawo kamar mai tallar magani. Na fara da birnin Kochi. Akwai wasu da ke haɗuwa a ɗakin ƙasa na wani coci. Su ba a faɗin suna, kowa da laƙabin da ya zaɓa. Na ce to, ga wurina. Wani saurayi mai ɗan kunne ya ce sunansa Maik, alhali fuskarsa ta 'yan kasuwar Lahadi ta Kochi ce sak. Ya tambaye ni me za a riƙa kirana. Na tsaya ina tunani, sai ya ce, "Baba, ba jarrabawa ba ce." Suna karanta wani littafi da aka fassara da ƙafar hagu. Na gyara wa mai karatun jimla ɗaya, aka kalle ni kamar na yi tusa. Ban koma ba.

Na je wani a asibitin bayan gari. Duk a rigar marasa lafiya suke, ma'aikaciya na tsaye a ƙofa da mabuɗi. Na je wani a Susaki, na hango ƙanin tsohon shugaban makarantarmu yana cire takalmi, na wuce kamar mai zuwa gidan waya. Duk inda na shiga sai in ji ƙafata na son fita. In ina gida ina son jirgin ƙasa, in ina cikin jirgi ina son gida.

A ƙarshe wani direban tasi ya ce mini akwai ɗaya a Kamitani, can cikin duwatsu. Jirgi mai tarago ɗaya ake shiga, sai bas. Ranar Asabar da rana suke yi, a ɗakin taron ƙauye, bisa tabarma, don manoman citta da lemon yuzu ne, ba sa son dare. Ba wanda ya san ni. Na miƙe na ce, "Nakahira Morio, daga bakin teku," ba wanda ko ya ɗaga gira.

Mai jagoranta wani tsoho ne, Kakuta, yatsunsa biyu injin yankan ciyawa ya cinye yana cikin maye. Dokarsu ɗaya ce: ka faɗi naka ka zauna, ka ji na wani ka bar shi a nan. Ba amsa, ba nasiha, ba gyara. Kin san ni, sati biyu na farko kamar zan fashe.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne matan. Kowa da matarsa yake zuwa, ko uwarsa, ko 'yar'uwarsa, kuma su ma suna magana. Matar Kakuta, Haru, ta miƙe ta ba da labarin ranar da ya sayar da keken ɗinkinta. Yana zaune a gefenta kansa a ƙasa. Da ta gama ya sunkuya mata, ta zauna, ta ɓare lemo ta ba shi rabi. A lokacin shayi ta ce da ni, "Kai Malam, naka fa? Ko daga ƙwai ka fito?"

Suna jera matashin zama bibbiyu. Kullum sai su ajiye ɗaya a gefena, ba kowa a kai. Na ce su daina. Haru ta ce haka ake jerawa, ba za a canza don ni ba. Ina gaya miki ne kawai don ki san yadda wurin yake. Mutum yana da jini a duniya, amma jakata ce ke zama a kan matashin.

Morio

18 ga Yuni

Tokiko,

Ina fata lafiya. Ruwan bazara ya sauko, bangon ɗakina ya yi funfuna.

Shiru. Ko kin mutu ne ba a gaya mini ba, ko masaƙar ta hana ku alƙalami? Kullum ina jin babur ɗin mai kai wasiƙa tun daga gada, in fito kamar zan duba shuka. Ya fara yi mini sannu da wani irin kallo.

Ban fasa zuwa Kamitani ba, ko ranar da ruwa ya yanke hanyar bas na taka da ƙafa. Ban sha ba. Ba don ki yaba nake faɗa ba, ina so ya isa inda ya kamata ya isa. Shin yana isa?

Morio

10 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya. Ban mutu ba, fushi na yi, kuma na ga gara in yi shiru da in rubuta abin da ke bakina.

Na karanta zancen matashin nan naka har sau uku. Wato so kake Sanae ta bar aikinta, ta shiga jirgi ta haye duwatsu, ta miƙe a gaban manoman citta ta ba da labarin yadda take ɓuya a cikin kabad tana 'yar shekara shida? Yarinyar da ke shirin aure? Ba ka canza ba. Ka daina sha, amma har yanzu wani kake nema ya ɗauki kayanka. Ban nuna mata wasiƙar ba. Na dai gaya mata kana zuwa taro, kuma ba ka sha. Ta ce, "Da gaske?" Ta tambaye ni haka sau biyu. Washegari na ga ta sayo yadi mai ruwan toka, wai na ɗaurin wuyan rigarka ne.

An sa ranar baiko, Lahadin ƙarshe ta Satumba, a gidan Tsuruoka a Kure. Ɗaurin aure a Nuwamba. Sanae ta ce ka zo baikon, ta gan ka da idonta kafin babbar ranar. Ka fito da baƙar kwat ɗinka ka shanya tun yanzu, na san asu ya yi gida a ciki.

Tokiko

12 ga Satumba

Tokiko,

Gaisuwa. Guguwar teku ta wuce mu ta kwashe rufin makwabta, nawa ya tsaya. Nauyina ya ƙaru, kwat ɗin da kyar ta rufe.

Ni ma na iya shiru, kin gani. Wata biyu ina rubuta miki amsa ina yagawa. Ba Sanae nake nufi ba. Ko a mafarki ban so ta taka ɗakin nan ba. Ke nake nufi. Ke ce kika san abin da za ki faɗa, kuma da na zauna na ji, don dokar wurin ta hana ni amsawa. Wannan dama ce da ba ki taɓa samu ba a rayuwarki, kika watsar. Shi ke nan, a bar maganar.

Abin da ya hana ni zama yanzu daban ne. Baiko a gidan mai jirgin katsuwo, a Kure! Kin daɗe a Nagoya, wataƙila kin manta yadda muke yi. Ba kowa da finjalinsa ba ne. Mai gida zai taso da nasa, ya durƙusa a gabana, ya miƙo mini, ya zuba giya. In shanye, in mayar masa, in zuba masa. Uban ango da uban amarya su ne na farko, kowa na kallo. Wanda ya ƙi karɓa ya ce ke nan ba ya son haɗa jini da gidan.

Na kai maganar wurin Kakuta a lokacin shayi. Ya ce, "Hanya ɗaya ce, Malam. Kafin ya zuba ka dafa tabarma ka ce, ni mashayi ne, na bari, ina zuwa taro a Kamitani, a zuba mini shayi a finjalin. Haka na yi a bikin ɗana."

Na ce, "Aka ce me?"

Haru ta amsa. "Surukinmu ya yi shekara bai gaishe mu ba. Yanzu shi ke kawo mana kifi."

"In ka ce ciwon ciki ne," in ji Kakuta, "za su ce giya ce maganinsa. In ka ce likita ya hana, za su ce likitan ma yana sha. Mutanen nan namu ne, ka san su."

Don haka ga roƙona, kuma kin san ban iya roƙo ba. Ki gaya wa gidan Tsuruoka tun kafin ranar, ta bakin Ryuji, a natse, don kada abin ya zo musu a gaban jama'a. In ba za ki iya ba, ni zan faɗa da bakina a wurin. Ki gaya mini wanne kuka fi so, ke da Sanae. Abin da kuka ce shi zan yi.

Morio

14 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na ga guguwa a talabijin, ina fata ba ta taɓa ka ba. Na ɗauki hutu daga masaƙa, ina ɗakin Sanae muna ta ɗinki da naɗe kyaututtuka.

Magana ɗaya ce, kuma ka riƙe ta da kyau. Kada ka ambaci taron nan naka a Kure. Ko da wasa. Mutanen suna ganin girmanka ƙwarai, Ryuji ya gaya musu kai malamin adabi ne mai ritaya. Uwarsa ta tambaye ni me kake zuwa yi a duwatsu duk Asabar, don wani ɗan'uwansu yana ganinka a jirgin ƙasa. Na ce ƙungiyar marubuta waƙa kuke da ita. Ta ji daɗi sosai. Sanae ta sha kunya da yawa a rayuwarta saboda kai. Wannan rana ɗaya ka bar ta ta shiga gidan mutane da kanta a sama. Ka zo, ka yi murmushi, ka yi magana kaɗan, ka tafi. Ba wani abu mai wuya ba ne.

Tokiko

3 ga Oktoba

Tokiko,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na gan ki da idona, kina nan garau. Ni ina kwance a asibitin da na fara kwanciya. Kin tafi ba ki ji ta bakina ba, to ki karanta.

Tunda nake da ke ba ki taɓa amsa mini wasiƙa da sauri irin wannan karon ba. Na tambaya, in faɗa ko kada in faɗa, kwana kaɗan sai ga amsa: ko da wasa. Na ce to, sun zaɓa. Shi ya sa da muka haɗu a ƙofar gidan Tsuruoka na ce miki, "Na ga wasiƙarki," kika ce, "Madalla, ka gane ke nan," kika wuce kicin da tiren kifi.

Na ga Sanae. Rabona da ita tun tana da kitso biyu. Ta sunkuya ta ce, "Baba, ka zo." Ta kalli idona ta daɗe, kamar likita. Sannan ta gyara mini wuyan riga. Hannunta ya taɓa wuyana. Ke kina kicin, ba ki gani ba.

An cire ƙofofin ɗakuna uku an mai da su ɗaya. Manyan faranti jere daga bango zuwa bango, katsuwo gasasshe da tafarnuwa, 'yan jirgin kifinsa sun cika gefe guda. Aka zaunar da ni a sama, bayana ga rubutun ado da ke rataye a bango. Na ce wa kaina zan sa hannu in rufe finjalin in ce hawan jini. Na yi ta maimaitawa a jirgin ƙasa.

Tsuruoka ya taso. Ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, amma ya zo a kan gwiwa kamar ɗalibi.

"Malam," ya ce, "ni ban yi makaranta ba. Ɗana ya ɗauko 'yar gidan ilimi, ban san da me zan biya ba. Wannan finjalin ubana ne. Ba na ba kowa."

Na ce ina da hawan jini.

"Hawan jini!" Ya juya ga mutanensa. "Wa ba shi da hawan jini a nan? Ɗaga hannu!" Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa, ina ji gwaggonsa ce, ta ɗaga nata finjalin ta ce ita da shi ta kai tamanin da biyar.

Ya riƙe tulun a sama yana jira. Maganar Kakuta tana bakina, na ji ta a kan harshena, har na dafa tabarma. Na kalli Sanae. Tana zaune kusa da uwar Ryuji, hannunta a cinya, fuskarta ba jini. Na karanta fuskar nan, na ce roƙona take kada in tona ta. Ga wasiƙarki a aljihuna.

Na karɓa. Ya zuba. Na kai bakina na taɓa leɓe kawai, na miƙa masa.

Ya leƙa ciki ya yi dariya. "Haba Malam! A ina aka taɓa mayar da finjali da saura? Ko a duwatsu haka mawaƙa suke yi? In zuba nawa a ina?"

Na shanye.

Ba zan yi miki ƙarya in ce da ɗaci ba. Kamar na dawo gida daga doguwar tafiya. Na zuba masa, ya shanye, aka yi tafi. Sai ga yayan Ryuji a kan gwiwa da nasa finjalin. Bayansa shugaban 'yan jirgi. Bayansa tsohuwar nan. Wanda ya karɓi na mai gida ba ya ƙin na sauran, kin sani. Suka yi layi. Na uku ban jira an gama zubawa ba.

Sauran kin gani. An ce na miƙe na rera musu tsohuwar waƙar mutanen Sin, sun yi tafi, na sake wata, na gyara wa Tsuruoka yadda ake faɗin sunan jirginsa. An ce na faɗa cikin faranti. 'Yan Kure ba su ga laifi ba, sun ce uban amarya namiji ne, su huɗu suka ɗauke ni suna waƙa. Ni abin da na riƙe shi ne, tsakanin finjali na farko da na biyu na duba wurin da Sanae take, matashinta ba kowa.

Ban tsaya a Kure ba. Na yi kwanaki ina sha a gida kafin makwabciyata ta kira mota.

Ke kika ce kada in faɗa. Ita ta ce kada in sha. Ku biyun kun zauna a ɗaki ɗaya kuna ɗinki, ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta yadda mutum zai yi duka biyun a gidan mai jirgi. Ki gaya mata don ita na karɓa.

Morio

11 ga Oktoba

Yaya Morio,

Ina fata jikin da sauƙi. Na kira asibitin, sun ce kana cin abinci.

Ran Litinin na koma masaƙa. Mai kula da ɗakunan kwananmu ta miƙo mini wasiƙun da suka taru ina hutu. Taka ta 12 ga Satumba tana ciki, ba a buɗe ba. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, sai da na zauna a kan matakala.

Yaya, ban gan ta ba. Tawa ba amsa ba ce, ban san ka yi tambaya ba. Shekara talatin ina Nagoya, a nan kowa da kofinsa, in ka ce a'a an bar ka. Na rantse finjalin nan bai zo mini a rai ba. Da na gani, da na gaya wa Ryuji a ranar.

Na kai wa Sanae wasiƙunka biyu, wannan da wadda ka rubuto daga asibiti. Ta karanta. Ta ce Ryuji ya daɗe da sanin komai, ita ta gaya masa tun kafin ya nemi aurenta, kuma ba ta san na yi wa uwarsa zancen waƙa ba. Ta ce lokacin da ka kalle ta, jira take ka faɗa. Ta ce a ranta tana ta cewa, faɗa musu, Baba, faɗa musu.

Na roƙe ta. Na ce laifina ne. Ta ce ta yarda, amma ita daga bakin ƙofa ta ga hannunka a finjali na uku, kuma ta san hannun nan. Ta ce ba za ta iya zama ranar aurenta tana kallon hannunka ba.

Na tambayi masaƙa hutun Asabar ɗaya a wata. In kana so, ka rubuto mini jirgin da ake shiga zuwa Kamitani.

Ƙanwarka,
Tokiko

24 ga Nuwamba

Tokiko,

Gaisuwa. An fara tsinkar yuzu a duwatsu, bas ɗin duk ƙamshinsa. An sallame ni tun farkon wata.

Na koma Kamitani. Na miƙe na faɗi sunana, na faɗi abin da ya faru a Kure daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya ce komai, haka dokar take. Wanda ke bayana a layi ya miƙe ya yi zancen bashin takinsa. A lokacin shayi Kakuta ya ce, "Sati mai zuwa da ƙarfe ɗaya ne, an canza," shi ke nan.

Jirgin da kike tambaya yana tashi daga tashar Kubokawa da hantsi. Ki zo ko kada ki zo. In kin zo ki taho da takalmi mai kauri, akwai hawa. Kada ki ɗauka wannan ya goge na shekara goma sha tara.

Hoton da kika aiko ya iso. Rigar kimonon ta yi mata kyau, tsayuwarta irin ta uwarta. Tsuruoka ya aiko mini da rabin katsuwo a ƙanƙara da gaisuwa, wai ya yi baƙin ciki da rashin lafiya ta hana ni zuwa, kuma yana jiran ranar da za mu sake zama.

An ɗaura auren Sanae ranar Lahadi a birnin Kochi, tafiyar awa ɗaya daga ƙofata. Ina gida. Ke kika zauna a kujerar.

Morio